Tun daren nokawut kajina suka rage ƙwai

TAMBAYA: Malam, ina kiwon kaji masu ƙwai a bayan gidana. Daren shiga sabuwar shekara yara suka yi ta fasa nokawut, wato abin wasan wutan nan mai ƙara, a gindin katanga. Da safe na tarar da kaji uku a mace a lungu guda, ba rauni ko kaɗan. Ƙwai ya ragu, wani ma ɓawonsa kamar an barbaɗa masa gari. Maƙwabciyata ta ce baki ne. Daga wata Hajiya, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ba baki ba ne, firgita ce. Tsuntsu in ya razana tashi yake so ya yi, a akurki kuwa ba wurin zuwa. Sai su ruga lungu su hau kan juna, ta ƙasa numfashinta ya ɗauke. Shi ya sa ba ki ga jini ba.

Kaza kan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai guda, kusan 20 daga ciki a kan ɓawo suke tafiya. In hankalinta ya tashi sai ta riƙe ƙwan ya wuce lokacinsa, ƙarin alli ya taru a kansa. Garin da kika gani ke nan. Tsoro kuma yana rage mata ci, wadda ba ta ci ba kuwa me za ta saka?

Ƙarfin ƙarar ma ba shi ne babbar matsalar ba. Kajin bakin titi suna wuni cikin hon ɗin trotro, wato motocin haya, sun saba da janareta tun zamanin dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta, ko a jikinsu. Ƙarar ba-zata cikin duhu, ita ce ke kashe su.

Duk daren da kika san za a yi shagali, ki bar musu ƙwan fitila mai dishi-dishi, ki kunna rediyo ƙasa-ƙasa tun magariba. Ki tokare kusurwoyin ɗakin da kwali don kada su samu wurin cunkusuwa. Ke ma ki riƙa ƙwanƙwasa ƙofa kafin ki shiga. Yaran kuwa, iyayensu za ki samu cikin lalama. Kowane Disamba 'yan sanda na tunatar da jama'a cewa doka ta hana nokawut, amma kin san hali.

In sati biyu ya wuce ƙwai bai dawo ba, ko kika ga koren kashi da murɗewar wuya, to maganar ta bar firgita. Lokacin hunturu ne, ciwon Nukasil, annobar kaji, na yawo, ki kira likitan dabbobi a ranar.