Lauyan da kotun birni ke naɗa wa mara hali a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaninka da aka gurfanar a kotun birni a Amurka zai samu lauya alhali ba shi da hali. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1972, ba a ɗaure mutum ko kan ƙaramin laifi sai an ba shi lauya. Sai dai birane da yawa kwangila suke bayarwa kan ƙayyadadden kuɗi, shari'o'i su yi wa lauya yawa, har wani sai a ƙofar kotu yake fara ganin wanda zai kare. Ka ce wa ƙaninka ya nemi lauya tun zaman farko, kada ya yi gaggawar amsa laifi don a sallame shi. In ba ɗan ƙasa ba ne, lallai ya tuntuɓi lauyan shige da fice, domin amsa laifi kan shafi takardun zama.