Amsa: Me ya sa mikiya ke fitowa baƙa ƙirin a hoto?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka hau dutsen Hada, kusa da Ɗa'ifa a Saudiyya, da lensin kyamara mai 70-300mm, duk tsuntsun da ka ɗauka ya fito baƙi ƙirin, wasu kuma a dusashe, har kana tunanin sayen babban lensi. Riƙe riyalolinka tukuna, lensin ba shi da laifi.

Kyamara hasken sararin sama take aunawa, ba na tsuntsun ba. In haske ya cika mata ido sai ta rage, shi kuwa da yake ɗan ɗigo ne a tsakiya sai ya koma gawayi. Nemi maɓallin da aka yi wa alamar +/- ka ɗaga zuwa +1. In sama ta yi fari fat saboda hazo, kai har +2. Amma da zarar tsuntsun ya sauko, dutse ya zama shi ne a bayansa, mayar da shi 0, in ba haka ba fararen gashinsa su wanke, babu gyaran da zai dawo da su.

Dusashewa kuwa daga rashin saurin shota ne, wato marfin da ke buɗewa ya rufe in ka danna. Sa shi 1/2000 na daƙiƙa, ƙofar haske f/8, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) ya zaɓi kansa amma ka yi masa iyaka 3200. Fokas ya zama mai bin abu: AF-C a kyamarar Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Kama tsuntsun tun yana nesa, ka bi shi da ƙugunka, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, kada ka danna sai ya cika aƙalla kwatan allo.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne inda ka tsaya. Wanda ke ƙasa, cikin tsuntsu kawai yake gani, shi ma a inuwa. Hada tana kusan mita 2,000, gangarenta yana fuskantar yamma wajen Makka. Iskar da ta yi ɗumi tana hawa jikin dutsen, tsuntsayen kuma ita suke hawa ba tare da kaɗa fiffike ba, sai su gifta daidai idonka ko ma ƙasa da kai, ka ga bayansu da ƙwayar idonsu. Daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe rana tana bayanka, kuma ba su riga sun lula ba. Bayan azahar rana ta dawo gabanka, ga iska tana rawa don zafi. Ko babban lensin 600mm gare ka hoton ba zai yi kaifi ba. A dutsen Suda na Abha, can kudancin Saudiyya, wajen mita 3,000, sau da yawa hazo ne ke tasowa da yamma ya rufe komai.

Oktoba da Nuwamba ne lokacin mikiyoyin da ke saukowa daga wajen Kazakistan, wasu su ƙetara mashigin tekun Babul Mandab zuwa Afirka, wasu su yi hunturu a nan. Manyan ungulayen dutse kuma garin Tanuma, arewa da Abha, za ka neme su. Kafin nan ka saba hannu da hankakin bakin tekun Jidda, sun fi mikiya wuyar bi.

Hoton tsaunin kansa: lensi mai 24mm, f/11, ISO 100, da sassafe, musamman kashegarin ruwan sama da ƙura ta kwanta. Saka wani abu a gaba, ko bishiya ko murɗaɗɗiyar hanyar Kara da ke hawa dutsen, don a gane zurfin wurin.

Birai na Hada ba su da kunya ko kaɗan. Rufe gilashin mota, kada ka ajiye jakar kyamara a kan katanga. Kada ka juya lensi wajen iyalan mutane ko ginin jami'an tsaro, jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuma sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama. In ka ga tsuntsu yana kewaya kanka yana kuka, sheƙarsa tana kusa, ja da baya.