Laftof ɗina sabuwa ce kuma tana da Wi-Fi, me ya sa babu intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi sabuwar laftof, kuma wannan ne karo na farko da na mallaki kwamfuta. An ce mini tana da Wi-Fi, amma da na kunna ta a gida na buɗe burauza sai ta nuna babu intanet. Lalacewa ta yi ne, ko akwai abin da zan ƙara saya? So nake in riƙa aiki daga ɗakina ba tare da jan kebul ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya sami kwamfutarki. Wi-Fi daban, intanet daban, kuma nan ne yawancin masu farawa suke rikicewa. Abin da ke cikin laftof ɗin 'yar na'ura ce mai kama sigina, kamar rediyo. Rediyo ko sabuwa ce fil, ba za ta yi magana ba sai akwai tashar da ke watsa shiri. Tashar ce babu a gidanki yanzu.

Abu biyu kike buƙata: kamfanin da zai sayar miki da intanet, da na'urar da za ta watsa shi a cikin gida, wadda ake kira rauta. Wasu kamfanonin kebul suke jawowa har gida, su haɗa da modam, wato na'urar da ke karɓar intanet daga kebul ɗin, sannan modam ɗin ya ba rauta. Galibi yanzu su biyun a akwati ɗaya suke zuwa. Akwai kuma rautar da ake sa wa layin waya, ta kama sabis na 4G ko 5G kamar yadda wayar hannu take yi. Idan wannan za ki saya, ki fara gwada layin kamfanin a wayarki a cikin ɗakin da za ki riƙa aiki, domin rauta ba ta ƙirƙirar sabis inda babu shi. Kafin ki sayi komai ma, wayarki za ta iya raba wa laftof ɗin intanet ta hanyar hotspot. Yana biyan buƙata na ɗan lokaci, sai dai yana shan batir kuma wayar tana ɗaukar zafi.

Haɗawar ba ta da wuya. Ki jona rautar da wuta. Idan modam ɗinki daban yake, kebul ɗinsa zai shiga ramin da aka rubuta WAN ko Internet, wanda sau da yawa launinsa ya bambanta da sauran. Ramukan LAN na kwamfutocin da ake haɗawa da kebul ne. Ki ba ta minti biyu zuwa uku fitilunta su daidaita. Sai ki juya ta: a ƙasa ko a baya akwai takarda manne mai ɗauke da sunan Wi-Fi ɗin, wanda ake rubutawa SSID, da kalmar sirrinsa. A Windows, alamar intanet tana ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo. A MacBook tana sama ta dama. Ki danna, ki zaɓi sunan da kika gani a takardar, ki rubuta kalmar sirrin daidai, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, kuma sifili yana kama da harafin O. Idan babu sunan da ya fito ko ɗaya, ki duba ko alamar jirgin sama tana kunne, ki kashe ta.

To, ga abin da na fi damuwa da shi, wanda mutane da yawa suke tsallakewa da zarar sun ga intanet ya kawo. Rauta tana da kalmomin sirri guda biyu. Ɗaya ta shiga Wi-Fi ce, ɗayar ta shiga saitin rautar kanta, kuma ta biyun ta fi haɗari, domin a na'urori da yawa kalmar da ake sawa tun daga masana'anta ita ce admin, kowa ya san ta. Wanda ya shiga nan zai iya sauya komai, har ya kore ki daga intanet ɗin da kike biya. Ki buɗe burauza ki rubuta lambar da ke jikin takardar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ki shiga ki canza duka biyun a ranar farko. Kalmar sirrin Wi-Fi ba ta gaza baƙaƙe 8, amma ni ina ba da shawarar 12 ko fiye, kuma kada ta zama lambar wayarki ko ranar haihuwa. A wajen tsaro ki zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, in babu shi WPA2. WEP tsohon tsari ne da aka daɗe da karya shi, kada ki taɓa shi. Idan kin ga WPS, wato hanyar shiga Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ki kashe. In kin manta kalmar saitin, akwai ɗan rami mai suna Reset. A danna shi da allura na kusan daƙiƙa goma, komai ya koma yadda aka sayo, a sake saiti daga farko.

Wataƙila ki ga Wi-Fi ɗin rautar da suna biyu, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5. Na 2.4 GHz ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma ya fi jinkiri da cunkoso. Na 5 GHz ya fi sauri, sai dai bango yana saurin raunana shi. Idan kina kusa da rautar ki hau na 5, idan da ɗakuna a tsakani ki koma na 2.4. Wurin ajiye rautar ma yana da tasiri sosai: a tsakiyar gida, a sama kan kanta ko tebur, ba a ƙasa ba, ba cikin kabad ba, kuma nesa da ƙarfe da na'urar ɗumama abinci ta maikurowe.

Akwai wani abu da ya shafi sabuwar laftof musamman. Da ta sami intanet za ta fara sauke sabuntawa, kuma a kwanakin farko hakan kan ci gigabait da dama. Kada ki hana ta, domin gyare-gyaren tsaro suna ciki. Amma idan datarki ƙidayayya ce, bayan ta gama ki shiga saitin Wi-Fi ɗin a Windows ki kunna Metered connection, wanda ke rage abin da take saukewa a ɓoye.

Ranar da kika ga an haɗu da Wi-Fi amma shafi ya ƙi buɗewa, ki gwada da wayarki a kan Wi-Fi ɗin. Idan wayar tana aiki, matsalar daga laftof ce: ki sa ta manta da Wi-Fi ɗin ki sake haɗawa. Idan ita ma ta ƙi, ki cire rautar daga wuta na rabin minti ki mayar. In duk da haka bai kawo ba, ki duba ko datarki ta ƙare, sannan ki kira kamfanin.