Tambaya da Amsa: Shin Tafiyar Ƙafa Kaɗai Za Ta Kare Zuciyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 47, aikin ofis nake yi, kuma kusan a zaune nake yini. Kwanan baya aka auna ni aka ce jinina ya hau, likita ya ɗora ni a kan magani, ya kuma ce in riƙa motsa jiki. Ba ni da lokacin zuwa wurin atisaye, gudu kuwa nan da nan yake gajiyar da ni. Shin tafiyar ƙafa za ta wadatar, kuma idan na dage da ita zan iya barin maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tafiya tana wadatarwa, muddin da sauri ake yin ta kuma ba a yi ana fashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Idan ka yi tafiyar minti 30 kwana biyar a mako, ka cika mafi ƙarancin abin da ake buƙata, kuma ba laifi ka raba ta kashi biyu ko uku a yini. Yadda za ka gane saurinka ya isa shi ne numfashinka ya ƙaru, ka iya yin magana amma ba ka iya rera waƙa ba.

Zuciya tsoka ce, kuma idan ta saba da aiki takan harba jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar yawan bugawa lokacin da mutum yake hutawa. Jijiyoyin jini ma suna ƙara sassauci, jiki kuma ya fi iya sarrafa sukari da kitse. Tun a 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya nuna cewa kwandastocin bas masu hawa biyu na birnin Landan, waɗanda ke yini suna hawa da sauka a matakala, ba su kai direbobin da ke zaune yawan kamuwa da ciwon zuciya ba. A ganina, wannan darasi ya fi shafar ma'aikacin ofis irinka: doguwar zama ita kanta illa ce, saboda haka ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa a tsakanin aiki.

Game da magani kuwa, kada ka bari da kanka. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna wata alama, mutum yana jin garau alhali awonsa ya wuce 140 bisa 90. Mai yiwuwa ne likita ya rage maka maganin idan awon ya daidaita na tsawon lokaci, amma wannan hukuncinsa ne. Ka fara da minti 10 kana ƙarawa a hankali, kuma idan ka ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ka tsaya ka nemi asibiti ba tare da jinkiri ba. Ka kuma rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda. Idan kana shan taba, barinta ya fi duk abin da na lissafa muhimmanci, domin shekara guda bayan dainawa haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yakan ragu da kusan rabi.

Tambaya ta biyu, daga wata mata: Na ɗauki watanni ina motsa jiki, amma nauyina bai ragu ba. Anya wahalar banza ba nake yi ba?

Amsa: Ko kaɗan, Malama. Motsa jiki yana sauke hawan jini yana kuma gyara sukari ko da sikeli bai motsa ba, kuma akwai yiwuwar kitse na raguwa yayin da tsoka ke ƙaruwa. Ki riƙa auna faɗin ƙugunki, domin kitsen ciki ya fi na sauran jiki alaƙa da ciwon zuciya. Idan rage nauyin kike so, sai kin duba yawan abin da kike ci da abin sha mai zaƙi, ki kuma samu barcin aƙalla awa bakwai a dare.