Tambaya da Amsa: Littafin da Ya Kai Ni Wata Ina Yaro Ya Ƙi Karantuwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu mun shiga gyaran ɗakinsa, sai na ci karo da wani kwali a ƙarƙashin gado cike da littattafan da na karanta ina aji biyu na sakandare, ƙananan nan na sauƙaƙan Turanci. A ciki har da na marubucin Faransa Jules Verne wanda aka harba mutane duniyar wata da igwa, wanda na karanta har bangonsa ya rabu da shi. Na yi niyyar ba ɗana mai shekara 12, sai na ce bari in fara dubawa. Wallahi Malam ban kai rabi ba na ajiye. Ni injiniya ne yanzu, kowane shafi sai in ga abin da ba zai yiwu ba, mutanen cikin kuma kamar gumaka, babu rai. Shin yaudarata aka yi ina yaro? Kuma in ba yaron ko in bar shi?

Makaranci daga Unguwar Rogo, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata namu zuwan. Ka lura dai, shekara talatin da ɗoriya tsohon nan bai ba masu ƙosai littattafan sun yi ƙunshi da su ba.

Batun igwa kam gaskiyarka ce, ba zan yi maka musu ba. Kafin abu ya kuɓuce wa jan ƙasa yana buƙatar gudun kilomita 11 a daƙiƙa guda. Igwar Verne zurfinta ƙafa 900 ne, ka ga ke nan a ɗan wannan taƙin za a ɗauki mutum daga zaune a kai shi wancan gudun. Ka fi ni iya lissafin: nauyin da zai danne shi ya haura nauyin jikinsa sau dubu ashirin. 'Yan sama jannatin Apollo, shirin Amurka na zuwa duniyar wata, abin da suka ɗauka wajen tashi bai wuce kamar sau huɗu ba, don roka a hankali take ƙara gudu. Mutanen Verne ko bakin igwar ba za su kai ba, da cokali za a kwashe su.

Amma kada ka manta a 1865 ya fitar da littafin, ana sauran shekara 38 jirgin sama mai inji ya fara tashi. Duk da haka a Florida ya haƙa igwarsa, mutum uku ya zuba a cikin harsashin, a littafin da ya biyo baya kuma ya sauke su a Tekun Pasifik. Da aka zo yin abin da gaske a Yulin 1969, daga Florida Apollo 11 ya tashi, da mutum uku, a Pasifik ɗin kuma ya faɗo. Wanda ya yi wannan hange ba mayaudari ba ne.

Zancen gumaka kuwa, rabin laifin na bugun da ke hannunka ne. Waɗannan ƙananan littattafai an rairaye su ne don ɗalibin da ke koyon Turanci, an tsame barkwancin an bar tsurar labari. Ka nemi cikakken, za ka sha mamaki. Ashe shaguɓe ne. Masu shirya tafiyar ƙungiya ce ta maƙera igwa a Baltimore waɗanda yaƙin basasar Amurka ya ƙare ya bar su ba aikin yi, da yawansu ba hannu ba ƙafa, suna zaune suna kukan zaman lafiya ya kashe musu kasuwa. Zaman banza ne ya sa suka ce to bari mu harbi wata. Yaro ɗan aji biyu ba zai ga wannan ba, shi dai a tashi a tafi. Kai da ka rayu a Jos ka ga abin da makami ke yi wa gari, ina jin dariyar da za ka yi a wannan babin mai ɗaci ce.

Ni ma na taɓa shiga irin halinka. Nawa littafin na Hausa ne, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, inda baƙo daga sama ya ɗauki yaro ya yi yawo da shi. Ya zauna mini a kai har na girma. Da aka ce tauraruwa mai wutsiya ta Halley za ta bayyana a 1986, lokacin ina sabon malami, sai na tara 'yan ajina bakwai muka hau wani dutse a bayan gari tun kafin kiran assalatu, kowa ya ƙudundune da bargo. Na yi musu alkawarin wutsiya daga nan har can. Abin da muka gani wani ɗan dusu-dusu ne, kamar an ɗiga alli a allo an goge da yatsa. Kunya ta ishe ni. Yaran kuwa suka yi mako guda ba su da wata hira sai ita, ɗaya ma ya rantse shi ya ga wutsiyar. Ni kaɗai na sauko daga dutsen nan da takaici, don ni kaɗai na hau da ma'auni.

Da na sake karanta littafin na Dembo bayan na yi ritaya, a zama ɗaya na gama shi tsakanin la'asar da magariba. Na tarar da shi ɗan siriri, alhali a tunanina ƙato ne. Haka ma tsakar gidanmu ta zamar mini ranar da na koma.

Akwai dai inda idon girma yake da amfani, kuma a nan nake so ka tsaya. Duba kwalin ko akwai wani na Verne ɗin, na 1863, wanda Turawan Ingila uku suka ratsa Afirka a cikin balan-balan daga Zanzibar, ta kan Tafkin Chadi da Tumbutu, har kogin Senegal. Ina yaro na karanta shi ina cikin kwandon tare da su, ina leƙen ƙasa ina dariya. Sai da na sake buɗe shi da furfura na gane cewa mutanen da ake leƙowa ana kwatanta su da dabbobi, ana harbinsu daga sama, mu ne. Verne bai taka waɗannan ƙasashe ba, daga rahotannin matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tsinci sunayen garuruwan, sauran ya cike da abin da Turawan zamaninsa ke son ji. Wannan ya fi igwa damuna nesa ba kusa ba. In yana ciki, kada ka miƙa wa yaro ka juya baya. Ku karanta tare, ka buɗe masa taswira, ka tambaye shi su wane ne a ƙasan.

Na watan kuwa ka ba shi yau, da yagaggen bangonsa. Kada ka ce masa shi ne littafin da ya fi kowanne, don yaran yanzu da sun ji haka sai su ɗaure fuska su koma kan waya. Ka ajiye shi kawai inda zai gani. Kuma don Allah injiniya, ka riƙe lissafinka a aljihu. In ya zo da kansa ya ce Baba, anya ba za su mutu ba, to ranar ka ɗauko biro da takarda ku zauna.

Tauraruwar Halley za ta dawo a 2061. Ni dai ba na sa rai, amma shi lokacin zai kai kamar shekarunka na yanzu.