Waƙar da Take Sa Ni Kuka

Tambaya: Malam, mahaifina ya yi shekaru yana karen mota a Jos kafin ya zama direba. Tun bayan rasuwarsa, duk lokacin da na ji waƙar Ɗan Maraya ta karen mota sai hawaye su zubo mini. Shin wannan rauni ne? Daga wata mai karatu, Jos.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinki, 'yar'uwa. Ba rauni ba ne ko kaɗan. Marigayi Adamu Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya waƙe talaka, a zamanin da yawancin mawaƙa suka fi karkata ga sarakuna da attajirai. Yaron motar da ke ɗaure kaya, yana kwana ƙarƙashin mota cikin sanyin Jos, ba kasafai ake tunawa da shi ba, amma shi ya ba shi daraja. Saboda haka wahalar mahaifinki kike ji a cikin waƙar. Ki riƙa sauraronta tare da 'ya'yanki, kina ba su labarin kakansu, sannan ki yi masa addu'a.