Yayana ya kawo mini khal ɗin Modena daga Italiya: giya ce, kuma da wane abinci ake cinsa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Yayana yana aiki a arewacin Italiya, da ya zo hutu ya kawo mini wata 'yar ƙaramar kwalba mai baƙin ruwa mai kauri kamar zuma. Ya ce wani tsoho ne maƙwabcinsu yake yi a gidansa, kuma tsadarta ta fi ta turare. A takardar da ke cikin kwalin na ga kalmar Lambrusco, aka ce mini sunan jar giya ce. Tun daga lokacin kwalbar tana ajiye ban buɗe ba. Shin giya ce? In ba giya ba ce, a wane abinci zan zuba?

Mai karatu daga Kaduna

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, abin da ke hannunki khal ne, ba giya ba. Wanda ya gaya miki Lambrusco sunan jar giya ce bai yi ƙarya ba, amma kafin ya zama sunan giya sunan inabi ne, irin da ake nomawa a yankin Modena da Reggio Emilia, a arewacin Italiya. Daga inabi ɗaya wani ya yi giya, wani ya yi khal. Takardar tana gaya miki irin inabin da aka matse ne kawai, kuma yawanci za ki ga an haɗa shi da wani farin inabi mai suna Trebbiano.

Yadda ake yinsa shi zai nuna miki yadda ake cinsa, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Da kaka, bayan an tsinke inabi, sai a matse ruwansa a zuba a babbar tukunya marar murfi, a dafa a hankali na awanni masu yawa har ya ƙafe sosai, ya yi duhu da zaƙi. Wannan dafaffen ruwan shi kaɗai ne kayan haɗin khal na gargajiya, ba a ƙara masa komai. Sai a bar shi ya yi tsami. A wannan mataki wani ɓangare na sukarin yakan juya ya zama barasa, daga nan ƙwayoyin halitta masu yin khal su cinye barasar su mai da ita tsami. Duk khal ɗin duniya ta wannan hanya yake bi, har khal tuffa da matanmu suka saba saya a shagunan magungunan Musulunci. Malamai sun haɗu a kan cewa abin da ya juya ya zama khal da kansa halal ne, saɓaninsu yana kan giyar da mutum ya sa hannu ya juya ta da gangan, wadda Hanafiyya suka halatta, wasu kuma suka hana. A Sahihu Muslim an ruwaito Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana yabon khal a matsayin mahaɗin abinci.

Bayan tsami sai jira, kuma jiran ne ake saya da kuɗi. Kowane gida yana da jerin gangunan katako, aƙalla biyar a mafi yawan gidaje, daga babba zuwa ƙarama, suna kiran jerin batteria. Ba a ajiye su a ƙarƙashin ƙasa kamar giya. A saman gida ake jera su, dab da rufi, inda zafin bazara ke ƙafar da ruwan, sanyin hunturu kuma ya kwantar da shi ya tace. Bakin kowace ganga a buɗe yake, da ɗan ƙyalle kawai aka rufe don ƙura da ƙwari. Katakon ma ba iri ɗaya ba ne: akwai na itatuwan da Italiyawa ke kira rovere, castagno, gelso, ciliegio da ginepro, kowanne da ƙamshin da yake bayarwa. Sau ɗaya a shekara mai gida zai ɗebi kaɗan daga ƙaramar ganga, ya cike gurbin daga wadda ke gabanta, ita ma a cike ta daga ta gaba, har a kai babbar, wadda ake zuba wa sabon ruwa. Abin da ake samu daga jeri guda a shekara bai wuce 'yan litoci kaɗan ba. Shi ya sa ƙananan gidaje ne suka riƙe wannan sana'a, kuma shi ya sa maganar yayanki game da tsada gaskiya ce.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a al'adar mutanen nan shi ne, a da idan an haifi 'ya mace sai uba ya kafa mata sabon jerin ganguna, ranar aurenta ta tafi da su gidan miji, kamar yadda uwa a wajenmu take fara tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana ƙarama. Sana'ar khal ɗin nan ta daɗe. An rubuta cewa a 1046 mai mulkin Canossa, kusa da Reggio Emilia, ya ba sarkin Jamus Henry na uku kyautar khal ɗin yankin, kalmar balsamico kuma ta bayyana a rubuce a 1747 cikin takardun gidan sarautar Este na Modena. A garin Spilamberto har yau akwai ƙungiyar masu yi a gida da gidan tarihin khal, suna gasa duk shekara a watan Yuni.

Yanzu ki ɗauko kwalbar ki duba, domin kala uku ake sayarwa kuma ba a amfani da su iri ɗaya. Idan an rubuta Tradizionale da haruffan DOP, wato tambarin kayan da aka yi su kaf a yankinsu na asali, to na gaske ne, wanda Tarayyar Turai ta ba kariya a 2000. Ba ya fita kasuwa sai ya shekara 12 aƙalla, wanda aka rubuta wa extravecchio kuwa ya kai 25. Na Modena kullum a kwalba iri ɗaya yake zuwa, mililita 100, mai zagayen ciki da gindi mai kusurwa huɗu, wadda Giorgetto Giugiaro ya zana, mutumin da ya zana motar Golf ta farko. Mai yin khal ɗin ba shi da ikon ɗurawa da kansa, sai kwamitin masu ɗanɗano ya amince sannan a ɗura a wurin da aka ba izini. Idan kuma kin ga IGP, wato wani tambarin mai sauƙin sharuɗɗa, wannan na masana'anta ne, ya samu kariya a 2009, ana haɗa ruwan inabi da khal ɗin da aka yi daga giya, wani lokaci da ɗan ƙonannen sukari don launi, kuma kwana 60 sun isa a fitar da shi. Wanda yake bin fahimtar da ta hana khal ɗin giya, a nan ne zai lura. Na ukun shi ne wanda aka rubuta wa condimento, sunan da ƙananan gidaje ke ba nasu idan ba su kai shi gaban kwamiti ba. Tunda maƙwabci ne ya yi, ina kyautata zaton ɗayan biyu ne, DOP ko condimento, kuma kaurin da kika ambata alama ce mai kyau.

To, batun abinci. Roƙona ɗaya a gare ki: kada ki dafa shi. Kada ki zuba a miya, kada ki jiƙa nama da shi, kada ki tuttula a kan latas kamar khal ɗin kasuwa. Wuta tana kore ƙamshin da aka shekara 12 ana tarawa cikin minti biyu. Ɗigo-ɗigo ake sawa, bayan an sauke abinci, ana dab da ci. Ki fara ɗiga uku a ƙaramin cokalin roba ko na tangaran ki lasa haka nan, don harshenki ya san shi. Za ki ji zaƙi ya fara zuwa kamar na dibino, tsami ya biyo baya a hankali, ƙamshin katako ya zauna a maƙogwaro.

Abin da yake so shi ne maiƙo da gishiri. A Modena babban abokinsa cuku ne mai suna Parmigiano Reggiano, na yankin nasu, wanda ake ɓarewa gutsure-gutsure a ɗiga masa a kai. Suna kuma sawa a kan gasasshen naman sa, da shinkafarsu mai laushi da ake kira risotto, da wainar ƙwai. A ɗakin girkinki, na fi ba ki shawarar balangu na rago mai ɗan kitse, da zafinsa, gishiri kawai da albasa, ba yaji. Nan ne zai nuna kansa sosai, domin tsamin yana yanka kitsen, zaƙin kuma yana haɗuwa da ƙonannen gefen naman. Hanta gasasshiya ma tana karɓarsa, haka soyayyen cukun Fulani da soyayyar kabewa. Tsire mai ƙuli-ƙuli da barkono, da kilishi, da duk miyar da daddawa ko attaruhu ya yi yawa, ki bar su, za su danne shi ki yi asarar ɗigonki a banza.

Za ki yi mamaki idan na ce ya fi daɗi a kan kayan zaƙi, amma haka ne. Mutanen Italiya suna ɗiga shi a kan sitiroberi da farin askirim, kuma sitiroberi na Jos yana isowa Kaduna a lokacinsa. Ki yanka, ki ɗiga biyar ko shida, ki bari minti goma kafin ki ci. Nunannen mangwaro mai sanyi da kindirmo mai kauri marar tsami sosai su ma suna tafiya da shi.

Ajiya ba ta da wahala. Ba ya buƙatar firij. Ki rufe bakin da kyau, ki sa a kabad nesa da murhu da rana, kuma nesa da kayan ƙamshi da turaren wuta, domin yana jan wari. A haka zai yi shekaru bai lalace ba. Idan yayanki zai koma, ki ce ya tambayi tsohon shekarar da aka kafa gangunan da kuma katakon ƙaramar cikinsu, wadda daga ita aka ɗebo naki.